Babi na Shida: Adashin Waɗanda Ba Su San Juna Ba

A 2005, Paulo Magalhães ɗalibi ne ɗan ƙasar Fotugal, masanin kwamfuta, amma abin da ransa ke so ba a cikin kwamfuta yake ba. So yake ya buɗe akwatin wasiƙa ya tarar da kati, irin mai hoto a gaba, rubutun hannu a baya, kan sarkin wata ƙasa manne a kusurwa. To, mai irin wannan kwaɗayi sai ya jira wani nasa ya yi tafiya, kuma ya tuna da shi a can. Dangin mutum nawa ne, kuma sau nawa suke tafiya a shekara? Paulo ya tabbata akwai ire-irensa a wasu ƙasashe, kowa na zaune yana duban akwati wayam, babu hanyar da za su san da juna. Sai ya zauna ya rubuta manhaja, ya ɗora ta a kan wata tsohuwar kwamfuta da ya cusa cikin kabad ɗin tufafi a gidansa, ya buɗe wa jama'a ranar 14 ga Yulin 2005. Ya raɗa wa abin suna Postcrossing.

Kafin a cika shekara uku, a watan Afrilun 2008, katunan da suka isa hannun masu su ta wannan hanya sun kai miliyan ɗaya. Yanzu sun haura miliyan 70, waɗanda suka yi rajista kuma sun kai kimanin 800,000, a ƙasashe da yankuna sama da 200. Duk wannan a zamanin da aka gama yi wa wasiƙar takarda salla, ana jiran a kai ta makwanci.

Shiga kyauta ne. Ka ba da adireshinka, ka rubuta 'yan layuka game da kanka, sannan ka nemi a ba ka wanda za ka aika wa. Ba kai ke zaɓa ba. Na'ura ce ke jefa ƙuri'a, ta fito maka da sunan wani da adireshinsa da ɗan bayanin da ya yi a kan kansa: wataƙila malamar makaranta a Taiwan, wataƙila tsohon direban jirgin ƙasa a Jamus. Za a haɗa maka da lamba, haruffa biyu na ƙasarka sai jerin alƙaluma. Katin da ya tashi daga Jamus da DE lambarsa take farawa, na Finlan da FI, na Najeriya da NG, na Nijar da NE. Ka nemi kati, ka cika bayansa da abin da ya zo bakin alƙalaminka, ka rubuta lambar inda ido zai gani, ka manna kan sarki, ka jefa. Ran da ya isa, wanda ya karɓa zai shigar da lambar, sai saƙo ya zo maka cewa katinka ya sauka lafiya, ga kwanakin da ya yi a hanya, ga kilomitar da ya ci, galibi har da godiyar mai karɓa. A sannan ne adireshinka zai shiga layi, a miƙa shi ga wani.

Ga wani na ce, ba ga wanda ka aika wa ba. A ganina duk hikimar abin a nan take, don haka bari mu ɗan tsaya a kai.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san biki, ina nufin gudummawar, ba taron ba. Ƙawarki ta kawo miki dubu biyar ranar sunan ɗanki, kin rubuta a littafi ko a zuciya, ran nata ya zo ki kai goma. Zumunci ne, amma zumunci mai riƙe da lissafi, kuma an sha ganin ƙawancen shekara ashirin ya watse a kan bikin da ba a rama ba. Abotar alƙalami da matasa suka yi yayi a da ita ma haka take. Ka rubuta, ka zuba ido. In amsa ta yi jinkiri sai zargi ya shiga, in ta zo kuma ta zama bashi a wuyanka. Na sha ganin irin wannan abota ta mutu bayan 'yan wasiƙu kaɗan, da zarar an gama faɗin sunan gari da yawan ƙanne da irin abincin da ake ci, kowa ya rasa abin cewa amma yana jin nauyin ya yi shiru.

Tsarin Paulo ya fi kama da adashi, sai dai adashi ne da 'yan zubi ba su taɓa ganin juna ba. Ka zuba a hannun wannan, ka kwasa daga hannun wancan, na'ura ita ce uwar adashi mai riƙe da littafi. Ba ka bin wanda ka aika wa komai, wanda ya aiko maka shi ma ba ya bin ka komai. Bashin yana nan, amma a kan taron yake gaba ɗaya, bai rataya a wuyan wani mutum guda da za ka riƙa jin haushinsa ba. Shi ya sa mutum zai iya aika kati dubu ga mutum dubu bai gaji da kowa ba. In jini ya haɗu, biyu suka ga dama suka ci gaba da rubuta wa juna, wannan tsakaninsu ne, kuma yana faruwa. In bai haɗu ba, an gaisa an wuce, kamar waɗanda suka zauna kujera ɗaya a mota daga Kano zuwa Zariya.

Uwar adashin kuwa ba ta wasa da littafinta. Sabon shiga kati biyar kacal aka yarda ya sa a hanya a lokaci guda, sai ɗaya ya isa a ba shi damar aika wani. Yana nuna da gaske yake, ana ƙara masa yawan a hankali. Ba a kwasa sai an zuba, don haka wanda ya karɓi adireshi ya ƙi aikawa kansa ya cuta, babu abin da zai zo masa. In kati ya yi kwana 60 ba a ji ɗuriyarsa ba, sai a cire shi daga lissafin waɗanda ke hanya don kada ya tare wa mai shi gurbi, amma ko bayan nan ya ɓulla ana iya shigar da shi, matuƙar bai shekara ba. Adireshinka kuma ba a baza shi a fili, wanda ƙuri'a ta faɗa masa kaɗai ake nuna wa.

Duk da wannan tsantseni, akwai gaɓa guda da na'ura ba ta da iko a kai. Katinka ya isa gidan wata mata a Belarus. Ta riga ta karɓa, ya zama nata, babu ɗan sandan da zai zo ya tambaye ta. Abin da ya rage shi ne ta zauna ta shigar da lambar, don wani da ba ta sani ba, ba kuma za ta taɓa gani ba, shi ma ya samu nasa. An yi wannan fiye da sau miliyan 70. Ni wannan adadin ya fi ba ni mamaki fiye da duk hotunan da ke jikin katunan.

Shi kansa katin ya girmi Paulo da shekara ɗari da ɗoriya, kuma ba don nishaɗi aka ƙirƙiro shi ba, don tsimi ne. A farkon 1869 wani malamin tattalin arziki a Ostiriya, Emanuel Herrmann, ya rubuta a jarida cewa ana ɓarnar kuɗi da lokaci a kan wasiƙa: takarda, ambulan, doguwar gaisuwa, duk don a isar da maganar da ba ta wuce layi biyu ba. Ya ba da shawarar a yi ɗan kati mai araha wanda ba ya bukatar ambulan. Hukumar gidan waya ta daular Ostiriya da Hangari ta karɓa, ta fitar da shi ranar 1 ga Oktoban 1869. Babu hoto a jikinsa. Kwali ne mai ruwan ƙasa-ƙasa, da kan sarki bugagge, adireshi a gefe guda, saƙo a ɗaya gefen, kuɗinsa bai kai rabin na wasiƙa ba. Cikin 'yan watanni aka sayar da miliyoyi. Ingila ta bi sahu a 1870, a kan rabin kwabo.

Ba kowa ya yi murna ba. Masu hali sun ga abin a matsayin zubar da mutunci: ta yaya za a aiko maka da magana tsirara, ma'aikacin gidan waya ya karanta, baran gida ya karanta, kafin ta iso hannunka? Bahaushe zai fahimci wannan ƙorafi, mu da ko sunan ɗan fari ba a faɗa a fili. Tun kafin Herrmann, wani jami'in gidan waya a ƙasar Jamus, Heinrich von Stephan, ya kawo irin wannan shawara a 1865 ba a karɓa ba. Amma abin da aka ɗauka aibi shi ya zama ƙarfin katin. Tunda kowa na iya karantawa, ba a sa sirri, ba a sa zagi, ba a sa roƙo. Saƙo ne da za ka iya karɓa daga baƙo ba tare da gabanka ya faɗi ba, domin babu abin da aka naɗe a ciki.

Hoto ya shigo daga baya, ya bunƙasa a ƙarshen ƙarni na 19. Da farko doka ta ce bayan kati na adireshi ne kaɗai, don haka mai aikawa sai ya matsa rubutunsa a gefen hoton, wani lokaci har a kan sararin samaniyar da ke cikin hoton. A 1902 Ingila ta yarda a raba bayan gida biyu, hagu na saƙo, dama na adireshi, sauran ƙasashe suka biyo baya cikin 'yan shekaru. Wannan ɗan layin da ke tsakiyar bayan kati shi ya 'yantar da gaban ya zama na hoto zalla, kuma daga nan har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi haukan kati a Turai da Amurka irin wanda ba a sake yi ba. Gida-gida ana ajiye kundin liƙa katuna a ɗakin baƙi. Tun a wancan zamanin ma akwai ƙungiyoyin musaya, masu buga sunayen mambobi da adireshinsu don su riƙa aika wa juna. Ke nan Paulo bai ƙago sha'awar ba, littafin lissafin ya gyara.

Akwai kuma wani tsohon gini da duk abin ya jingina da shi, wanda masu aika kati ba su cika tunawa da shi ba. Ka sayi kan sarki a Lisbon, kuɗin ya shiga aljihun gidan wayan Fotugal. Me zai sa ma'aikaci a Japan ya hau keke cikin ruwan sama ya kai katin har ƙofar gida? Kafin 1874 amsar ita ce sai in akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, kuma wasiƙar da za ta ratsa ƙasa uku sai an lissafa kuɗin kowacce daban. A ranar 9 ga Oktoban 1874 ƙasashe 22 suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Bern na Suwizalan, da ƙoƙarin von Stephan ɗin nan dai da aka ƙi shawararsa a baya. Suka amince cewa ta fuskar wasiƙa duk ƙasa ɗaya ce: kowa ya riƙe kuɗin da ya karɓa, ya kuma raba wasiƙun da suka shigo masa daga waje kamar nasa. Hujjarsu ita ce wasiƙa tana haifar amsa, don haka abin da ya fita da abin da ya shigo za su yi kunnen doki. Daga baya an gane lissafin bai cika daidaita ba, a 1969 aka shigo da biyan diyya ga ƙasar da ke karɓar fiye da abin da take aikawa. Amma ginshiƙin yana nan, ƙungiyar gidajen waya ta duniya da ta fito daga wannan yarjejeniya yau tana da ƙasashe 192. Adashin gwamnatoci ne, na talakawa ya hau kansa.

Ko sunan da muke kiran ɗan tambarin da shi tarihi ne a dunƙule. Na farko a duniya, wanda Ingila ta fitar a 1840 a kan kwabo ɗaya, kan Sarauniya Victoria ne a jikinsa, waɗanda aka buga wa Arewacin Najeriya daga 1900 zuwa haɗewar 1914 su ma kawunan masu sarautar Ingila ne. Yau ko hoton kifi ne a jiki, kan sarki muke cewa.

To me ake rubuta wa wanda ba a sani ba? Filin bai da yawa. Katin da aka saba gani santimita 10 ne a 15, rabin bayansa kuma adireshi da kan sarki sun cinye. Al'adar da ta kafu ita ce a fara da kwanan wata, a zana 'yar rana ko gajimare a kusurwa, a rubuta ma'aunin zafi ko sanyin ranar. Daga nan kowa da nasa. Wani ya faɗi abin da yake hangowa ta taga, wata ta faɗi littafin da take karantawa, wani ya koya maka kalma ɗaya a harshensu, wata ta ce yau jikarta ta fara tafiya. Yawanci da Turanci ake yi, kuma Turancin kowa da irin gurguncinsa, babu mai gyara wa wani. Waɗanda suka fi daɗi su ne masu ƙananan labarai. Wanda ya cika katin da yawan mutanen ƙasarsu da tsawon babban koginsu ya yi asarar tawada, wannan kowa na iya nemowa. Amma cewa motar haya ta makara yau, ka tsaya minti ashirin cikin ƙanƙara kana tunanin miyar da za ka dafa, wannan sai kai.

Akwai inda abin ke ɓata mini rai. A bayanin da kowa ke yi game da kansa, an yarda ya faɗi irin katin da yake so: masu son kyanwa, masu son taswira, masu son jirgin ƙasa, masu son hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Ƙa'ida ta ce buri ne kawai, ba dole ba. Amma za ka tarar da wanda ya jero sharuɗɗa kamar mai ba da kwangila: kada a aiko masa da kaza, yana da irin kaza guda arba'in, a duba kundinsa kafin a zaɓa. Wannan ya manta kyauta ya zo karɓa. Masu tara kaya da masu son gaisuwa sun daɗe suna zaune a inuwa ɗaya a wannan harka, ba kullum suke jituwa ba.

Ba na kuma cikin masu cewa katin gaisuwa zai kawo zaman lafiya a duniya. Layi shida daga baƙo ba abota ba ce, kuma an ga iyakar abin ƙuru-ƙuru. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jiragen sama, hanyoyin wasiƙa da dama suka toshe, katuna suka yi watanni a buhu. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, ƙasashe da dama suka daina kai wasiƙa Rasha, Finlan na cikinsu. Rasha da Finlan maƙwabta ne, kuma dukansu suna sahun gaba a wannan harka. Mutanen da jiya suke aika wa juna hoton tafki da na coci, yau babu hanya, kuma ba a tambayi ko ɗayansu ba. Kati yana bin hanyar da gwamnati ta buɗe ne, in ta rufe ya tsaya.

Gidajen waya dai sun san masoyansu. A lokacin da wasiƙa ke ja da baya ko'ina, ga mutane suna layi suna sayen kan sarki, har suna zaɓen mai kyau. Holan ce ta fara buga kan sarki na musamman don girmama Postcrossing a 2011, Finlan ta yi a 2013, Belarus a 2014, Rasha a 2015, Jamus kuma, wadda ta fi kowace ƙasa yawan aikawa, ta yi nata a 2022. Tun 2020 ake bikin ranar kati ta duniya kowace 1 ga Oktoba, don tunawa da katin Herrmann. Ranar ta zo daidai da ta 'yancin Najeriya, ga mai neman dalilin aikawa. Sai dai masoya ba su isa su riƙe gidan waya su kaɗai ba. A Denmak, inda aka fara aikin gidan waya tun 1624, kamfanin PostNord ya sanar a 2025 cewa zai daina raba wasiƙa a ƙarshen shekarar, ya kuma kwashe jajayen akwatunansa 1,500 daga tituna, domin yawan wasiƙa ya ragu da kashi 90 cikin ɗari tun 2000. Aikin ya koma hannun wani kamfani mai zaman kansa.

In ka dubi ƙasashen da suka fi yawan aikawa, Jamus, Amurka, Rasha, Holan, Finlan, Taiwan, Sin, Belarus, za ka ga ba taswirar son mutane ba ce. Taswirar wuraren da kowane gida ke da lamba ce, inda ma'aikaci ke zuwa ƙofa, inda kantin kusa ke sayar da kati, inda kuɗin kan sarki zuwa ƙetare bai taɓa kuɗin cefane ba. Afirka kusan babu ita a lissafin. Shi ya sa wanda ya shiga zai ga katunan Jamus da Amurka suna ta zuwa masa har ya fara ƙosawa, wanda kuwa ya samu kati mai lambar NG ko NE zai ɗauke shi hoto ya nuna wa abokan harka, domin akwai waɗanda suka yi shekara goma suna yi ba su taɓa gani ba.

Ba don ba mu san daɗin abin ba ne. Mun san shi tun kafin a haifi Paulo, ta wata ƙofar muka shiga. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma shekara da shekaru buhunan wasiƙu ne ke isa waɗannan gidaje daga Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan. Mutum a ƙauye zai sayi ambulan da kan sarki, ya rubuta tambaya ya aika Landan, ya yi makonni yana kasa kunne ko za a karanto sunansa a shirin Amsoshin Takardunku. Ga kuma 'yan Zaɓi Sonka, waɗanda ke sayen katin gaisuwa na gidan rediyo, su cika shi da sunayen mutanen da da yawansu ba su taɓa haɗuwa ba, sai dai sun saba jin sunan juna a iska. Wani a Maraɗi yana gaida wani a Kumasi, na Kumasi yana gaida na Garwa. Har ƙungiyoyi suka kafa, suna taro, suna zuwa bikin juna. 'Yan Postcrossing su ma suna irin wannan taro a birane, su zauna a teburi guda da tarin katuna, kowa ya sa hannu a kan kowanne kafin a aika. Da ɗan Zaɓi Sonka zai leƙa irin wannan zama, ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da ya gagare mu shi ne adireshi. "Bayan masallacin Juma'a, gida na uku in ka wuce mai shayi" yana kai baƙo har zaure, amma ba ya kai kati daga Taiwan. Da can akwatin gidan waya ne ke maganin wannan, ko a bi ta adireshin makaranta ko na ofis, akwati ɗaya unguwa guda na amfani da shi. Har yanzu wannan ita ce hanyar da ta fi tabbas ga mai son shiga daga ɓangarenmu: ya kama akwati, ya sa haƙuri, ya kuma sa a ransa cewa kwana 60 ɗin nan za ta cika a kan wasu katunan nasa kafin su isa. Mun kuma saba da wata hanyar da ba ta bukatar kan sarki sam, wato a kai saƙo tasha a ba direba. A tsibirin Floreana na Galapagos, cikin ƙasar Ikwado, akwai wata ganga da masu farautar kifin whale suka fara ajiye wasiƙu a ciki tun ƙarshen ƙarni na 18, jirgin da ke komawa gida ya kwasa ya kai. Har yau masu yawon buɗe ido na jefa kati a ciki babu kan sarki, su kuma duba na wasu, in sun ga mai adireshin kusa da garinsu su ɗauka su kai da hannu. Turawa na ƙetare teku don su ga abin da ake yi kullum a tashar Unguwa Uku.

Saura batun hoto, wanda a wurinmu ya fi na kowa nauyi. A zamanin da kati ke tashe, ƙasashenmu suna cikin waɗanda aka fi ɗauka, amma ba mu ke aikawa ba. Wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto da ke zaune a Dakar, François-Edmond Fortier, ya buga dubban katuna na Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20, har Tumbutu ya je. Sojoji da 'yan kasuwa da jami'an mulkin mallaka su ke saye su aika gida. Wasu hotunan yau taska ce, domin su kaɗai suka rage na gine-gine da kasuwannin da suka shuɗe. Wasu kuwa, musamman na mata, abin kunya ne ga wanda ya ɗauka. Marubuci ɗan Aljeriya Malek Alloula ya yi littafi guda a 1981 a kan irin katunan da aka yi da matan ƙasarsu, yadda aka shirya su a ɗakin hoto don su dace da mafarkin mai saye. A ƙasan irin waɗannan hotuna ba a rubuta sunan mutum, sai ƙabilarsa ko sana'arsa, kamar yadda ake yi wa tsuntsu a gidan tarihi. Daga baya aka koma dalar gyada da hawan salla da marinar Ƙofar Mata, waɗanda baƙi ke saye a otal. Bayan haka kuma wata wasiƙar ta fita da sunanmu, ta 'yan damfara masu alkawarin miliyoyi, wadda ta fara yawo a ambulan tun kafin zuwan intanet, har ta sa wasu a ƙetare ke ɗar-ɗar da duk takardar da ta fito daga Najeriya.

Kati mai lambar NG ko NE ba ya cikin ambulan, ba ya neman komai, kuma mai gari ne ya zaɓi hoton. Samun katin sayarwa yanzu a garuruwanmu aiki ne, amma duk mai waya a hannu yana iya ɗaukar hoto ya kai a buga masa a kwali mai kauri, kuma da yawa daga 'yan harkar suna maraba da irin wannan in an yi shi da kyau. Sai mutum ya tsaya ya yi shawara da kansa. Hasumiyar masallacin Agadas, ko raƙuman dawan Kure? Fadar Damagaram, ko masunta a Argungu? Ni da za a bar ni, mai shayin nan na kusa da masallaci zan ɗauka, da izininsa, yana ɗaga kofi sama yana zuba shayi a wani ba tare da ɗigo ya faɗi ba. A baya in sa kwanan wata na tsakiyar Afrilu, in zana rana ba gajimare ko ɗaya, in rubuta 42 a gefenta. Sannan in gaya wa matar da ƙuri'a ta ba ni a Finlan cewa mangwaro ya shigo kasuwa, yara suna kwana a tsakar gida saboda zafi, jiya da la'asar kuma hadari ya haɗu ta gabas, kowa ya fito yana kallo, iska ta zo ta watsa shi.